Kada ka sauke Ubuntu saboda maganar ma'aikacin kamfani

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka ɗora Ubuntu, wato wani nau'in Linux, a kwamfutarka, ka je sayen intanet na gida, ma'aikacin kamfanin ya ce maka nasu ba ya aiki da Linux, shi ne kake tambaya ko ka koma Windows. Don Allah kada ka koma. Ni ma haka aka gaya mini shekarun baya, kuma har yau da Linux nake cike wa mutane fom a shagona.

Abin da yake nufi kawai shi ne manhajar da ke cikin modem ɗinsu ta Windows ce, ita aka koya masa. Shi kuwa layin ba ruwansa da abin da ke kan kwamfutarka.

Inda na sha wuya shi ne ƙaramin modem na USB, mai kama da filash. Na soka shi, fitilarsa tana ta ƙiftawa, amma kwamfuta ta nuna shi a matsayin faifan CD. Kwana uku ina cirewa ina mayarwa, har ramin USB ɗin ya fara sakin jiki, kwastomomi na zaune a benci suna jira. Daga baya na fahimci cewa haka ake ƙera su: da farko suna zuwa a matsayin ma'ajiya don su girka manhajarsu, sai an juya su sannan su zama modem. A Linux, usb-modeswitch ne ke juya su, ModemManager kuma ya karɓi aikin daga nan. Yanzu Ubuntu da Linux Mint duk suna zuwa da su. In ka soka irinsa, ka buɗe Terminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta lsusb, zai jero maka na'urorin USB da ke haɗe. In ka ga lamba ta fara da 12d1, na Huawei ne. 19d2 kuma ZTE. Idan an gane shi amma ya ƙi hawa, duba abu biyu: ko layin na neman PIN, ko APN, wato sunan da layin ke shiga intanet ɗin kamfani da shi, bai yi daidai ba. Na MTN a Najeriya web.gprs.mtnnigeria.net ne, sauran kuma ka tambayi kamfaninka, wannan kam za su iya ba ka.

Amma tunda ba ka saya ba tukuna, shawarata ka bar wannan ƙaramin, ka sayi MiFi, wato ƙaramar rauta mai batir da ake saka wa SIM, ko babbar rauta. Ita ke yin duk magana da kamfanin, kwamfutarka Wi-Fi kawai take gani ko kebul. Saitinta ma ta burauza ake yi, galibi 192.168.8.1 a na Huawei, wasu 192.168.0.1, adireshin na rubuce a ƙarƙashinta ko bayan batir. Can za ka canza kalmar sirri, ka ga ƙarfin sabis da saƙonnin kamfani. In fayiba za su ja maka, ka sa su saita sunan shiga da kalmar sirrin PPPoE, waɗanda rautar ke shiga layin kamfanin da su, a cikin rautar kafin su tafi, ka kuma rubuta su a takarda ka adana.

Wani abu da ke sa mutane su zargi kamfani ba laifinsa: kwamfutocin hannu da muke saya tokumbo, wasunsu katin Wi-Fi na Broadcom ke ciki, kuma ba ya tashi sai an saka masa direba, wato manhajar da ke sa shi aiki. Ka haɗa wayarka ta Android da kebul, ka kunna USB tethering don wayar ta ba kwamfutar intanet, Ubuntu zai ɗauka nan take. Sai ka buɗe manhajar Additional Drivers ta Ubuntu ka zaɓi direban katin, ka sake kunna kwamfutar.

Ka kula da data kuma, wannan ya taɓa cin mini kuɗin rabin wata. Ubuntu na sabunta kansa a ɓoye, musamman manhajojin da ke zuwa ta tsarin girkawa na snap, irin su Firefox. A saitin Wi-Fi ɗinka ka sa alama a Metered connection, sannan a Terminal ka rubuta sudo snap set system refresh.metered=hold. Ni da dare nake sabunta tawa, lokacin da nake da datar dare mai araha.

Kafin ka biya, ka ari irin na'urar a wurin wani maƙwabci ka gwada a ɗakin da za ka riƙa aiki, domin sabis yakan bambanta ko a unguwa ɗaya. In ka samu cikas, turo mana abin da lsusb ya nuna da lambar Ubuntu ɗinka, misali 22.04 ko 24.04, mu duba tare. Allah ya ba da sa'a.