Yarona zai fara nazare, gabana sai faɗuwa yake

Tambaya: Salam Anti, dan Allah a ba ni shawara. Yarona shekararsa 3 da wata biyu, saura sati uku ya fara nazare, kuma wallahi ko banɗaki na shiga sai ya tsaya bakin ƙofa yana kuka, har yanzu yakan jiƙa wando jefi-jefi. Babansa ya ce ranar farko in bari ya shagala da wasa sai in sulale, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Ya zan yi? Daga wata uwa.

Amsa: Wa'alaikis salam ƙanwata. Toh ki kwantar da hankalinki, wannan maƙale miki da yake yi ba sangarta ba ce, yara sukan fara tsoron rabuwa da uwa tun suna wajen wata 8, ya lafa, sai kuma ya dawo duk lokacin da aka kai su baƙon wuri.

Maganar sulalewa kuwa, gaskiya ina bayanki, ki ba Babansa haƙuri ki yi masa bayani. Ranar farko za ki tsira daga jin kukan, amma shi yaron da ya waiwayo bai gan ki ba abin da zai koya shi ne Mama tana iya ɓacewa ba sanarwa, kin ga kuwa gobe ko wasan ba zai yi ba sai riƙon zaninki, har a gida ma ya daina yarda ki matsa. Ki durƙusa daidai tsayinsa, ki rungume shi, ki ce masa za ki tafi kuma za ki dawo, ki miƙa shi hannun malama ki juya, minti ɗaya ko biyu ya isa. Kada ki ce masa sai ƙarfe sha biyu, ɗan shekara 3 bai san agogo ba, ce masa idan kun ci abinci kun yi wasa zan zo. Sannan ki zo ɗin a kan lokaci, musamman satin farko, don da wannan cika alkawarin yake gane cewa tafiyarki tana da dawowa. Yawancinsu ma kafin uwa ta yi nisa sun yi shiru, ki tambayi malamar za ta gaya miki.

A sati ukun nan ki gyara masa barci. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta fitar a 2019 ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 har da na rana, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa ɗaya. Ki riƙa matso da lokacin kwanciya da minti 15 duk bayan kwana biyu har ya yi daidai da tashin makaranta. Ku je ya ga ajin da banɗakin da malamarsa kafin ranar, ki kuma fara barinsa wajen wanda ya saba da shi na rabin awa, kina yi masa sallama irin wadda za ki yi a makaranta.

Fitsarin ba abin damuwa ba ne, yana ma iya ƙaruwa kwanakin farko. Wando mai roba wanda zai iya saukewa da kansa, kayan canji a jaka, ki koya masa cewa ina jin fitsari, shi ke nan.

Wani abu da yake ci min rai, mutanen gida su daina yi masa barazana da makaranta, wai bari ka je malama ta zane ka. Ki ja wa yayyensa kunne, manya kuma ki roƙe su cikin ladabi.

Ki shirya wa mura, ƙananan yara sukan yi ta sau shida zuwa takwas a shekara, shiga cikin yara kuma yakan ƙara yawanta, ki duba katin rigakafinsa ya cika ki saba masa da wanke hannu da sabulu. Idan kuma an haura sati huɗu kukan bai ragu ba, ga ƙin cin abinci ko firgita cikin dare, ki zauna da malamar ki ji yadda yake wuni, sannan ku ga likitan yara.