Hukuncin datse itacen ado mai ƙaya a cikin gida

Tambaya: Malam, ina da ɗan itacen ado mai ƙaya da jajayen furanni a bakin ƙofa, wanda masu sayar da fulawa ke kira Euphorbia. Ya bazu har yana kama tufafin masu wucewa. An ce mini akwai hadisin da ya hana sare itace mai ƙaya. Ya halatta in datse shi?

Amsa: Ya halatta, kuma tunda yana cutar da masu wucewa, rage shi ya zama wajibi a kanka, saboda hadisin da Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa ba cuta, ba cutarwa.

Wanda ya gaya maka ya cakuɗa hadisai biyu ne. Na farko, hanin yanke ƙaya da ke cikin Buhari da Muslim, ya keɓanta da Haramin Makka, kuma ko a can mafi yawan malamai sun halatta yanke abin da mutum ya shuka da hannunsa. Na biyu shi ne narkon da Abu Dawuda ya ruwaito a kan mai sare magarya. Shi kansa Abu Dawuda ya fassara shi da magaryar daji wadda matafiya da dabbobi ke shan inuwarta, wani ya sare ta don wasa da zalunci. Naka bai shiga ko ɗaya ba. Hasali ma, an gafarta wa wani mutum don ya kawar da reshen ƙaya daga hanya, kamar yadda Abu Huraira ya ruwaito.

Sai dai ka kyautata aikin, kada ka kashe dukiyarka. Ka yi shi a ƙarshen rani, kafin ruwa ya sauka, domin wurin yanka yakan ruɓe idan ya jiƙe bai bushe ba. Ka goge almakashi mai kaifi da sifirit. Dakusasshe murje reshe yake yi. Fara da busassun rassa da waɗanda ke gogar juna, sannan masu leƙa hanya. Yanke a karkace, kamar rabin santimita sama da idon da toho zai fito, kuma kada ka cire fiye da kashi 1 cikin 3 a lokaci guda.

Farin ruwan da yake fitarwa, mai kama da na tumfafiya, yana ƙona fata, ya fi muni a ido. Sa safar hannu mai kauri da tabarau, ka nisanta yara. In ya faɗa ido, a wanke da ruwa mai tsabta na minti 15, a tafi asibiti. Ba najasa ba ne, kuma jinin sukar ƙaya ba ya karya alwala a mazhabar Malikiyya.

Rassan kuma ka binne su, ko ka ɗaure su cikin buhu. Zuba su a bakin hanya haramun ne.

Wallahu a'alamu.