Ya halatta in faɗa wa likita yayana yana shan giya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, yayana ne, shekararsa 47, direban babbar mota, ya daɗe yana sha a ɓoye, yanzu ƙafafunsa sun kumbura ko masallacin layinmu ya je sai haki. Mun kai shi asibiti nan Kano an ce zuciyarsa ta kumbura, likita ya tambaye shi yana sha ya ce a'a, ni kuma na sani. In na faɗa ban tona asirin musulmi ba? Abokansa ma cewa suke 'yar kaɗan ai maganin zuciya ce.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri 'yar uwa.

Maganar abokan nan tun zamanin Annabi (SAW) aka kawo ta, Ɗariƙ bin Suwaid ya ce shi don magani yake haɗa giya, Annabi ya ce masa ba magani ba ce, cuta ce, hadisin yana cikin Muslim. Kuma abin da mai yawansa ke sa maye to kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Su kansu likitoci sun dawo nan, Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa babu wani gwargwado na giya da za a ce ba ya cutarwa, ƙididdigarta ta 2019 kuma mutum miliyan 2.6 giya ta kashe a duniya, miliyan 2 maza ne, kusan dubu 474 ta hanyar ciwon zuciya da jijiyoyin jini. Giya tana kawo hawan jini, tana rikita bugun zuciya, in aka shekara da shekaru ana sha sai naman zuciyar ya saki ya kasa tura jini, ruwa ya taru a ƙafa da huhu, kuma irin su yayanki magidanta masu ciyar da gida ta fi kamawa, wallahi abin yana min ciwo.

To batun faɗa wa likita, ya halatta, ina ma ganin ya wajaba a kanki tunda rai ake magana. Suturar da aka umarce mu ita ce kar a yayata shi a unguwa ko a gidan biki, amma likita amana ce a hannunsa kuma ba zai yi magani daidai ba in an rufe masa dalilin ciwon. Ki fara zama da yayanki cikin ladabi ba faɗa ba gori, ki roƙe shi ya faɗa da bakinsa, in ya ƙi ki ja likitan gefe ke kaɗai, iya abin da ya shafi jinyar.

Tuba wajibi ne yanzu ba gobe ba, sai dai wanda jikinsa ya saba da giya sosai in ya yanke lokaci guda yana iya kamuwa da karkarwa har da farfaɗiya, don haka a asibiti za a raba shi da ita, suna da magungunan da suke bayarwa. Wallahu a'alam.