Shin iskar ƙauye ta fi ta bakin titi tsafta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidanmu yana bakin titin Zariya a Kano, kuma ɗana mai shekara huɗu ba ya rabuwa da tari, musamman da hunturu. Surukata ta ce in kai mata shi ƙauye, wai iskar can ta fi kyau. Shin haka ne?
Daga wata uwa a Kano

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama, Allah ya ba yaron lafiya. Maganar surukarki tana da ƙamshin gaskiya, domin hayaƙin tireloli da na A Daidaita Sahu yana ɗauke da ƙananan ɓurɓushi da masana ke kira PM2.5, waɗanda sai an jera kusan talatin daga cikinsu kafin su kai kaurin silin gashi guda. Gashin hanci ba ya iya tare su, don haka sukan zarce can cikin huhu, wasu ma har su shiga jini. Saboda illarsu ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'aunin da ta amince da shi a 2021, daga maikurogiram 10 zuwa 5 a kowace mita kubik ta iska, a matsakaicin lissafin shekara.

Sai dai kafin ki haɗa masa kaya, ki tuna da madafin surukarki. Idan da ɗanyen itace ko kara ko kashin shanu ake girki, a ɗakin da rufinsa ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, to yaron da ke zaune a gindin murhu yana jiran tuwo zai iya shaƙar abin da ya zarce na bakin titi nesa ba kusa ba. Hukumar ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a faɗin duniya a 2020. Ita kuwa ƙurar hunturu, wadda mai yawa daga cikinta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ba ruwanta da birni ko ƙauye, ga kuma ƙonon daji da na sharar gona.

A ganina, asibiti ya kamata a fara zuwa, tunda tarin da ya wuce mako biyu yana bukatar a duba ko asma ce ko tarin fuka. Kafin nan, ki mayar da makwancinsa ɗakin da ya fi nisa da titi, ki riƙa rufe tagogin gaba da safe da yamma lokacin cunkoso, a kuma janye janareta daga ƙarƙashin taga.