Tambaya da Amsa: Motar da Ta Shekara Biyu a Ajiye a Tawa

Tambaya: Ina zaune a Abijan, kuma motata ta shekara biyu a ajiye a gidanmu na Tawa. Ina son in zo a watan Afrilu in kai iyali ƙauyenmu da ke bayan Keita. Ƙanena ya ce akwai wanda zai samo mini takardar bizit, wato shaidar an duba lafiyar mota, ba tare da an kai motar ba, ya kuma ce a rage wa tayoyi iska kada zafi ya fasa su. Hankalina bai kwanta ba, domin da yara zan yi tafiyar.

Amsa: Malam, ka yi gaskiya da hankalinka ya ƙi kwanciya. Batun takarda ba ya bukatar dogon bayani. Bizit ɗin da aka buga wa hatimi alhali motar na ƙarƙashin rumfa zai iya raba ka da jandarma a shingen hanya, amma ba zai tsayar da motar a gangaren duwatsun Adar na yankin Tawa ba. Ka sa ƙanenka ya kai ta da kansa, bayan makanike ya canja man inji da ruwan birki, wanda yake shan danshi ko ana tuƙi ko ba a yi, shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu. Batir kuwa, ka ɗauka ya riga ya mutu.

Maganar rage iska ita ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai na ji ta a bakin direbobi, har da masu faci da ya kamata su fi kowa sani. Da zarar bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, sai ka ga mutum ya tsuguna da tsinken ashana yana sace wa taya iska, wai yana tausaya mata. Wannan ganganci ne. Tayar da ba ta da isasshiyar iska gefenta ne yake lanƙwasawa yana miƙewa a kowane juyi, kuma wannan lanƙwasar ce take dafa robar daga ciki har ta rabu da wayoyin da ke riƙe da ita. Ka haɗa wannan da lodin buhuna da mutum bakwai da gudu a kan kwalta, sai ka ji ƙara kamar bindiga. Daga nan a ce zafin rana ne, ko a ce sammu.

Gaskiya ne iska takan ƙaru kaɗan idan taya ta ɗauki zafi, amma masu ƙera ta sun san da haka, sun kuma bar mata wuri. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, kuma da sassafe ake aunawa kafin mota ta motsa, da ma'auni, ba da shuri ko bugun ƙarfe ba. Wuri ɗaya ne ake rage iska, wato cikin rairayi mai zurfi kamar na gindin ƙorama, a tafi a hankali, sannan a mayar da ita kafin a hau tsakuwa, domin dutse ba ya barin taya mai laushi. Wanda ba shi da famfo a mota bai kamata ya fara ba.

Kada kyawun zanen tayoyin ya ruɗe ka, tunda roba tana tsufa ko a tsaye take, balle a zafin ranar Tawa. Ka ce ƙanenka ya ɗauko maka hoton lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin rubutun DOT a gefen kowace taya: 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta haura shekara biyar a duba ta da kyau, wadda ta kai goma ko ta fara tsattsagewa a gefe a cire ta. A duba har da safaya, domin ita ce ake mantawa da ita sai an tsaya a daji.