Shekara guda ina shirin hira a fodkas, ko in haƙura haka nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara guda ke nan da na fara shirin fodkas, wato shirin sauti da ake saurara a intanet, na hira da masu sana'ar hannu a Zariya, maƙera da majema da masu ɗinkin hula. Ni kaɗai ke yin komai, tun daga neman baƙo har tace sauti, kuma daga aljihuna. Duk sati biyu nake sakin sabo, amma da ƙyar kowane kashi ke kai saukewa ɗari, kuma ko sisi bai shigo ba. In ci gaba ko in bari? Ta yaya ma zan gane ko shirin yana da kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da ƙoƙari. Kafin ka yanke hukunci da wannan ɗarin, ka san abin da take ƙirgawa, domin ba mutane ba ne.

Galibin kamfanonin da ke ajiye fodkas suna bin ƙa'idar IAB, ƙungiyar masu harkar talla a intanet da ke Amurka. Ana rubuta saukewa ɗaya idan waya ta jawo aƙalla sautin minti guda, kuma sau ɗaya ake ƙirga wayar a cikin awa 24. Wanda ya sauke ya manta bai kunna ba yana cikin lissafin. Direban da ya kunna wa fasinja goma daga Zariya zuwa Kano, mutum ɗaya ne. Wanda aka tura wa ta WhatsApp ko Xender kuwa, babu shi sam. Ko a Amurka lambar ba abin dogaro ba ce: a 2023 da Apple ta sauya yadda iPhone ke sauke shirye-shirye da kanta, alƙaluman manyan fodkas sun rikito, alhali masu sauraronsu na gaske suna nan.

A wajenmu abin ya fi haka. Bahaushe gwanin sauraro ne, tun 1957 yake kama BBC Hausa, sai dai manhajar fodkas ba ta zama ɗabi'arsa ba tukuna. Sai a 2021 Spotify ya shigo Najeriya. Apple Podcasts galibi ta masu iPhone ce. Google Podcasts da ta fi sauƙi ga masu Android an rufe ta a 2024. Mutanen da za su so hira da maƙeri suna YouTube da Facebook da guruf-guruf na WhatsApp. In shirinka ba ya can, ai ba ka kai kayan kasuwa ba.

Abin da zan fi so ka duba shi ne zanen da ke nuna inda masu sauraro ke ficewa. Spotify da Apple da YouTube duk suna nuna wa mai shiri wannan layin, yana farawa a sama yana gangarowa. Buɗe na hirarraki biyar ka kwatanta. In layin yana faɗuwa warwas cikin minti uku na farko, to shimfiɗarka ce ta yi tsawo. Wannan ciwo ne da ya zama ruwan dare a shirye-shiryenmu: kiɗan buɗewa, sallama, gaisuwa ga masu sauraro na gida da na ƙetare, ya gida, ya iyali, ya gajiya, sannan "Malam ko za ka gabatar da kanka?" Gaisuwa wajibi ce, kada ka fasa yi wa dattijo, amma ka yi ta kafin ka danna naɗi, ko ka yanke ta wajen tacewa. Ka gabatar da baƙon da kanka cikin jimla biyu, ka shiga magana. In kuwa rabin waɗanda suka fara suna kaiwa ƙarshen hirar minti arba'in, shirinka yana da kyau, saura kai shi ga jama'a.

Daga nan sai aikin da masu shiri ba sa so. Ɗauki hirarka ta farko da ta baya-bayan nan, ka saurari muryarka kawai. Tambayoyinka sun gajarta? Sabon shiga yakan jera tambaya uku a numfashi ɗaya, baƙo ya zaɓi mai sauƙin ya bar sauran. Ka lura ko tambayarka ta gaba daga bakin baƙon take fitowa ko daga takardar da ke hannunka. Majemi ya ce, "Da bagaruwa muke jima, amma yanzu ta yi wuya," kai kuma ka wuce zuwa "Wane kira za ka yi ga gwamnati?" An tafka asara ke nan. Me ya sa ta yi wuya, da daga ina ake kawo ta, nawa ake sayen buhu, me ya maye gurbinta, fatar tana fita kamar da? Hirar tana cikin waɗannan. Tambayar kira ga gwamnati kuwa, in da ni ne sai in soke ta gaba ɗaya, kowa amsa iri ɗaya yake bayarwa. Ka kuma koyi yin shiru. In baƙo ya dasa aya, ƙirga uku a zuci kafin ka buɗe baki. Sau da yawa maganar da ba a shirya ba a nan take fitowa. Kada kuma ka kashe na'ura da zarar an yi sallama, amma duk abin da aka faɗa bayan nan sai ka nemi izini kafin ka sa shi.

Batun sauti ba zan tsawaita ba. Makirfo irin Samson Q2U kusa da baki, ɗaki mai labule da darduma, nesa da janareta da fanka, da manhajar tace sauti ta Audacity wadda kyauta ce, sun wadatar. Abin da aka fi mantawa shi ne nauyin fayil. Hirar awa guda a MP3 mai 128 kbps (ma'aunin ingancin sauti) tana kai kusan megabait 58. In ka mayar da ita 64 kbps a layin sauti ɗaya (mono), ta koma kusan 29, kuma muryar mutum ba ta lalacewa. Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, mai sauraro yana duba wannan kafin ya danna.

Sai kuɗi. Tallan fodkas a kan kowace saukewa dubu ake sayar da shi, don haka da ɗari babu zancen. YouTube ba ta fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Hanyar da ta fi kusa ita ce mai ɗaukar nauyi na gida, dillalin fata ko mai shagon yadi, wanda ya san mutum ɗarin nan abokan cinikinsa ne. Kana iya tuntuɓar gidan rediyon FM, amma ka je da sanin cewa yawancinsu sayar da fili suke yi, kai za ka biya sai dai in ka zo da mai talla.

Akwai kuma abin da ka tara wanda alƙaluma ba sa nunawa. Kana riƙe da muryoyin dattawa suna bayanin sana'ar da 'ya'yansu da yawa ba su gada ba. Ka adana ainihin naɗin a wuri biyu, ka rubuta suna da rana da unguwa a kan kowanne. A farkon kowace hira ka naɗi amincewar baƙo da bakinsa cewa za a yaɗa ta a intanet. Kada ka ɗora waƙar wani ba izini, YouTube na iya toshe kashin ko ta ba mai waƙar kuɗin tallan.

Shawarata, kada ka bari, amma ka daina tseren sati biyu, shi ne yake karya mai aiki shi kaɗai. Mayar da shirin zango-zango. Naɗi hira takwas ka tace su duka kafin ka saki ta farko, ka ɗora kowacce a YouTube ko da hoto ɗaya ne a kai, ka yanko minti ɗaya mafi daɗi don WhatsApp da Facebook, ka kuma tura wa baƙon nasa, 'ya'yansa da yaran shagonsa za su yaɗa fiye da kai. In zangon ya ƙare ka sake duba layin ficewa. In har yanzu yana faɗuwa tun farko duk da gyaran, kuma kai ma ka fara jin nauyin tafiya wajen hira, to a lokacin ne maganar haƙura za ta taso.