Ni ma adashe na ɗauka nake yi da Allah

'Yar'uwa, kin tambaya in dai ceto alheri ne, to ina ladan hidimarki ta shekara da shekaru, ga wadda ko sujadar Laraba ba ta leƙawa ta fi ki samu. Sai da na ajiye wayar na share hawaye.

Shekara 14 ina cikin Zumuntar Mata. Sharar majami'a ran Asabar, girkin taro, zakka ko ta ribar ƙosai ban taɓa riƙewa ba. A raina kuwa zubi nake yi, ina jiran ranar kwasa. Sai ɗana na fari ya kwanta, kwana 9 a asibiti, ya tafi. Ana zaman makoki, ko tabarmi ba a naɗe ba, matar wani dattijo ta buɗe Littafi Mai Tsarki, Malakai 3, inda ake maganar zakka, wai in binciki kaina, da ina fid da zakka daidai da Allah ya tsare gidana. A gaban surukata! Matar da na kwana da ita a asibiti lokacin haihuwarta, ni na wanke mata zannuwa. Na ce na yafe, amma har yau in ta miƙo hannu bayan sujada sai na yi da gaske. Wata 7 ban ci Jibin Ubangiji ba.

Matiyu 20 ce ta kama ni. Wanda ya shiga gonar inabi da sassafe da wanda ya shiga ƙarfe 5 na yamma, dinari ɗaya ɗaya. Na ga kaina cikin 'yan sassafen nan masu gunaguni. Afisawa 2:8-9 kowa ya haddace, cewa ceto ta wurin alheri ne, ba ta ayyuka ba, amma ki ƙarasa aya ta 10: ayyukan suna nan, sai dai bayan ceto suke zuwa, ba kuɗinsa ba ne. Lada ma akwai, 1 Korantiyawa 3 ta ce wuta za ta gwada aikin kowa. Ba ta ce mota ko haihuwa ba.

In kin gaji, ki ajiye aiki ɗaya, ba zunubi ba ne. Ki daina ƙirga rabon waccan matar da ba ta leƙa sujadar Laraba, ba ki san abin da ke hana ta barci ba. Masu cewa ki shuka iri da kuɗi ki girbi ninki ɗari, ki riƙe jakarki. Kuma don Allah, 'yan'uwa, in kun je gaisuwar rasuwa ku zauna shiru. Abokan Ayuba kwana 7 suka yi shiru, sai da suka buɗe baki suka ɓata.